An Miƙo Mini Sarƙar Kakana

Anti Bev,

Don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zai sa garinmu ya daina gaishe ni. Saura mako uku bikin garinmu, kuma na san halina: bakina ba ya jiran izini.

Ba zan sa sunana ba, ko da yake yaudarar kaina nake, don duk ɗan Kerrabin da ya karanta layi biyar a shafinki na jarida ya gane ni. Shekarata ashirin da uku, ina aiki a shagon gyaran taya. Makaranta mun rabu da ita ina ɗan sha biyar, ba ta yi kewata ba, ni ma haka. Karatun da na yi a laburaren gari na yi shi, da fari don akwai ɗumi a ciki lokacin sanyi, daga baya ya zame mini jaraba.

Kin san bikinmu na Ista. Ganyen itatuwan babban titi ya yi ja, mutanen Melbourne su cika gari da motoci, mata su sa siket mai faɗin laima, yara su yi ta tace yashi suna neman zinaren ƙarya. Ranar Asabar da rana tsaka sai a yi abin da kowa ya zo dominsa, wato wasan kwaikwayon shari'ar Enoch Trudgeon ɓarawon doki. A ɗaure shi da sarƙa, a zaga da shi a keken doki yara na jifansa da ganyen kabeji, a kai shi tsohuwar kotun dutse, alƙali mai hular gashin auduga ya ɗaure shi shekara bakwai. A tafa, a tafi shan shayi.

Enoch kakan kakana ne, kuma al'adar ita ce sai jininsa ne zai fito a matsayinsa. Kakana ya yi, babana ya karɓa ya yi shekara talatin da ɗaya. Ni kuma tun ina firamare nake jin, “Ku ɓoye dawakinku, ga Trudgeon nan.” Har yau in na shiga mashaya sai wani ya yi haniniya. Na fasa hanci biyu a kan wannan, ɗaya nawa ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda Baba ke yin abin. Ya mai da shi wasan wawa. A rubuce yake cewa in alƙali ya tambaya, Enoch zai durƙusa ya ce shi ya sata, a ji ƙansa. Baba bai taɓa kaiwa nan ba. Ko ya yanke jiki ya faɗi wai ya suma, ko sarƙa ta harɗe shi, wata shekara ma wandonsa ya zame. Mutane su yi ta dariya har alƙali ya gaji ya buga guduma ya wuce. Kowace shekara Misis Pascoe, shugabar kwamitin biki, sai ta ce, “Des, ka sake tsallake layinka.” Shi kuma ya ce, “Tsufa ne, Maureen, kan ya zama rariya.” Uwata ta ce tun yana ɗan talatin yake ba da wannan amsar. Ni dai in na gan shi yana birgima a ƙasan kotu, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

A watan Yuni ina tonon tsofaffin jaridu a kwamfutar laburare, na faɗa kan layi huɗu, tsakanin tallan ganyen shayi da farashin ulu. An sami ƙasusuwan doki a wani tsohon ramin haƙar zinare, a bayan gonar mutumin da aka ce Enoch ya sace wa doki, da sirdi mai harufan sunansa. Dokin faɗawa ya yi, Anti. Babu wanda ya sace shi. An buga wannan wata biyar bayan Enoch ya mutu a kurkuku yana fasa dutse, kuma ko sunansa ba su ambata ba. Na karanta sau goma, na fita na zaga gari sau biyu da ƙafa ban san inda nake ba.

Na buga takardar na kai wa Misis Pascoe. Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce, “Ayya, ɗana, wasa ne fa. Bikin nan ne ke riƙe da garin. A bar kaza cikin gashinta.” Na ce mata, “Kazar ta ruɓe tun tuni, ke kaɗai ba kya jin warin.” A gaban mutane, a shagon burodi. Na san ban kyauta ba, don matar nan ce ta riƙa kawo mana miya a kwano da Baba ya kwanta ciwo.

Ban gaya miki ba ma. A watan Agusta ɓarin jikinsa ya shanye. Yanzu a keken guragu yake, magana sai ya ja ta kamar guga. Ranar Lahadin da ta wuce ya kira ni, ya sa hannunsa mai lafiya ya jawo sarƙar daga ƙarƙashin gado, ta sha mai tana sheƙi, ya ɗora mini a cinya. Ya ce, “Taka ce. Kada ka ba ni kunya.” Takardar tana aljihuna a lokacin. Na kasa fito da ita. Mutumin nan shekara arba'in yana tuƙa motar shara, rana ɗaya tak a shekara ake tafa masa. In ce masa me? Wai duk tafin nan a kan ƙarya ne?

Ga abin da na shirya. In sa sarƙar, in bar su su jefe ni da kabejinsu, in alƙali ya tambaye ni in zaro takardar in karanta, sannan in gaya musu ra'ayina a kansu ɗaya bayan ɗaya, na ma haddace. Amma Baba zai kasance a layin gaba cikin kekensa. Wani lokaci kuma in ce a'a, in ɗau jakata in tafi birnin Geelong, taya dai ko'ina tana fashewa. Jakar tana bakin ƙofa, na kwance ta na sake ɗaurewa sau uku. Jiya na sa wa motar wani tayar da ba tata ba. Ba na iya zama, ba na iya karatu, abin da ban taɓa kasawa ba.

In na yi shiru na ci amanar Enoch. In na yi magana na kunyata Baba a gaban garin da ya tafa masa. Ki gaya mini wanne zan ɗauka.

Jikan Wanda Bai Sata Ba, Kerrabin

*

Ɗana,

Da farko ka kwance jakar nan ka mai da kayan cikin durowa. Geelong ba za ta gudu ba.

Fushinka yana bisa gaskiya. An zalunci mutum, ya mutu a ɗaure, an kuma yi shekara da shekaru ana dariya a kan kabarinsa, kai kana biyan kuɗin dariyar da hancinka. Ka kuma yi abin da duk masu digirin garinku ba su yi ba, ka je ka duba. Kada kowa ya ce maka wannan ƙaramin abu ne.

Amma Misis Pascoe ma ba ƙarya ta yi ba. Ƙaramin gari yana rayuwa ne da irin wannan mako, kuma yaran da ke jifa da kabeji ba su suka yanke hukuncin ba. In ka yi musu kwanton ɓauna a kotu, abin da za a tafi da shi gida shi ne ɗan Trudgeon ya haukace, layinka huɗu kuwa ya bi iska. Za ka huce na minti biyar, Enoch ya koma inda yake.

Yanzu sake karanta wasiƙarka, akwai abin da ka rubuta ba ka gani ba. Mutum ya yi shekara talatin da ɗaya yana wasa ɗaya, yana tuna kowane taku, amma layi ɗaya tak yake mantawa, kuma shi ne layin da Enoch zai amsa laifi. Ruwa ba ya tsami banza. Ban san abin da ke zuciyar mahaifinka ba, wataƙila ya ji wani abu a bakin nasa uban, wataƙila jikinsa ne kawai ya ƙi. Amma ya gwammace wandonsa ya zame a gaban jama'a da ya ce kakansa ɓarawo ne. Kai ka ga wawa yana birgima. Ni na ga mutumin da ba shi da takarda a aljihu, ya yi da abin da yake da shi.

Saboda haka shi za ka fara kai wa takardar, a makon nan. Ka zauna, ka karanta masa, sannan ka yi abin da ya fi maka wuya, ka rufe bakinka ka jira ya gama jawo maganarsa. Ka tambaye shi wace kunya yake nufi.

Bayan nan ka koma wurin Misis Pascoe, ka ba ta haƙuri a shagon da ka yi mata rashin kunya, ka mayar mata da kwanonta in yana gidanku. Sai ka nemi abu ɗaya daga kwamiti: a yi wasan yadda aka saba, amma bayan guduma a ba ka minti ɗaya ka karanta layin nan huɗu, ba ƙari, ba zagi. Jawabin da ka haddace ka bar shi a shagon taya. Ina kyautata zaton za su yarda, don wasan da ya ƙare da shiru ya fi wanda ya ƙare da shayi zama a zuciya. In sun ƙi, ka mayar wa Baba sarƙar da hannu biyu, ka kai takardarka jaridar gari. Ba dole ba ne ka ɗauki ɗaurin da ba ka yarda da shi ba.

Enoch ya yi shekara ɗari da arba'in yana jira, zai iya ƙara mako uku. Mahaifinka ne ban san yawan lokacin da ya rage masa ba. Ka bari ya ji daga bakinka, a ɗakinsa, kafin gari ya ji.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya sanyaya maka zuciya. Ka gaishe shi, ka ce wata tsohuwa ta ce kansa ba rariya ba ne.

Anti Bev