Kek ɗin Husseina Mai Hawa Uku

Maamobi, Accra
9 ga Maris, 1987

Zuwa ga Yaya Zenabu a Kano,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya sake ki. Mu nan lafiya muke. An ɗaura auren Husseina ranar Lahadi, an kai ta unguwar Nima lafiya, Allah ya ba su zaman lafiya.

Kin ce in ba ki labarin kek ɗin da na yi wa ɗiyarki alkawari. Zan ba ki, ko da yake raina a ɓace yake har yau. Shekara ashirin ina yi wa 'ya'yan wasu kek, tun kuwa ranar da kika bar mini ita tana 'yar shekara huɗu nake tsara nata a zuciyata. Hawa uku na yi, kwana uku ina kai da kawo tsakanin gida da tanderun mai burodi. Osman kafinta ya fiƙe mini 'yan ginshiƙai takwas, ya yi musu farin fenti, don su ɗaga kowane hawa a samu wurin jera furanni a tsakani. Da safiyar biki na sauke hawan ɗaya bayan ɗaya, kowane a farantinsa, na rufe da mayafi, na hau trotro, motar hayar nan, zuwa kasuwar Makola in sayo furanni, don ɗanyen fure ba ya jure zafin garin nan.

Ko da na dawo da furannina a hannu, faranti ɗaya na tarar, ƙaramin na sama. Gwaggo Ƙaltume ce ta shiga ɗakin, ta ga faranti uku, ta yi abin da take yi da kowane abincin biki. Babban ta aika gidan ango, na tsakiya ta yanka wa maƙwabta kamar tana rabon masa. Da na yi magana ta ce ba a taɓa tara abinci wuri ɗaya a gidanmu mutane na kallo ba, kuma dangin ango sun yaba ƙwarai. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Matan tsakar gida dariya suka yi, wai na tsaya ina kuka a kan fulawa.

Duk wannan zan iya haɗiyewa, Yaya. Abin da ya tsaya mini shi ne Husseina. Na same ta ana ɗaura mata kallabi, na faɗa mata, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce kada in tayar da rigima ranar aurenta, ai kek ne kawai. Ni ban haihu ba, ba ni da gwal ko atamfar da zan ba ta, abin da hannuna ya iya shi ne wannan.

Ga hoto na sa a ciki. Ɗan abin da ke gabanta cikin tulin furanni shi ne ya rage. Kada ki wahalar da idonki nemana, ina ɗaki lokacin. Ginshiƙan kuwa na ba mai kokon ƙofar gida ta hura wuta.

Ki gaishe mini da Malam Mahama da Jamiu da iyalinsa. Gwaggo Ƙaltume ta ce in gaishe ki, in kuma faɗa miki biki ya yi kyau. Na faɗa.

Ƙanwarki,
Safia