Kada a Sayar da Bijimin Huɗa

Assalamu alaikum, Maman Jamil.

Da fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Ya damina? Ni lafiya lau, sai kunnena na hagu da ya rage ji, kuma hutu ne, don ta nan maigida yake tsayawa ya yi faɗa.

Na ji Jamil yana so a sayar da bijiminmu ya sayi katin kwamfuta, wai da na'urar zai haƙi kirifto, kuɗin intanet ɗin nan irin na wurin aikina. Ki zaunar da shi ya ji.

Kati arba'in ne a ɗakin da nake gadi, suna ruri kamar injin niƙa, amma ban taɓa ganin gari ya fito ba. Makon jiya injiniya ya sabunta manhajar da ke tuƙa su, gudunsu ya ragu da rabi. Kwana uku yana laluben matsalar, ƙarshe ya ce in riƙa kashewa ina kunnawa. Ni da aka kora daga aji huɗu, yau ni ne mataimakin injiniya.

Jiya kati ɗaya ya ƙone, ƙaurinsa ya hana ni cin abinci. Tir! Ya kai kuɗin bijimi, amma a bola ya ƙare. Bijimi in ya kwanta, a yanka, unguwa ta ci nama. Wannan ko ungulu ba ta sauko masa ba.

Bijimi dai ya zauna a turkensa har in dawo. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Naki,
Ɗanliti, daga Legas