Baƙin Jan Ƙarfen Modu

Nguru, 10 ga Maris, 1986

Zuwa ga 'yata Fanne, a Gashua. Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara.

Bayan haka, saƙon da kika aiko ya iso. Shekara tara ke nan da yayanki Modu ya bar mini maƙera ya tafi karatu ƙasar Turawa, ya rasu can ban ga kabarinsa ba, kuma abin da ya bar mini ke nan? Guntun jan ƙarfe kamar tafin hannu, ya yi baƙi ƙirin! Ni da nake ƙera mundaye tun kafin a haifi uwarku. Ɗan maƙeri, ko goge ƙarfe bai iya ba.

Kada ki ce in yafe. Da bakinsa ya ce mini guduma ta tsufa.

Tun da abin nan ya shigo, da rana tsaka nakan ji ana zuga wuta a maƙera, irin zugar Modu, biyu da sauri, ɗaya a hankali. In na leƙa, ba kowa. Na jiƙa tsamiya, gobe zan dirje ƙarfen da toka, ko ya bar ni in huta.

Mahaifinki, Ibram Maƙeri

Gashua, 12 ga Maris

Baba, ina gaisuwa da ladabi. Don Allah kada ka wanke! Yau maigidana ya karanta mini takardar da muka samu a jakar Yaya. Baƙin nan ba tsatsa ba ne, shi ne aikin. Da wani haske mai ƙarfi, wai shi leza, yake sassaƙa fuskar ƙarfen, kunya-kunya kamar gona, siraran da ido ba ya gani. Yaya ya ce ka fita da shi rana ka karkata, launuka za su fito, da abin da ya rubuta maka. Ya ce da baki ba zai iya faɗa ba. Bai sa shi a takarda ba, Baba, yana jikin ƙarfen kaɗai.

Na ba direban motar farko wasiƙar nan. Allah ya sa ta riske ka.

'Yarka, Fanne

Nguru, 14 ga Maris

Fanne, na gaishe ki.

Wasiƙarki ta iso na riga na dirje ƙarfen, ya yi ƙyalli. Ban taɓa goge ƙarfe ya yi kyau haka ba. Akwai ɗan lungu ɗaya da yatsana ya rufe, toka ba ta taɓa ba. Na karkata shi a rana, na ga kore da shuɗi, da ƙafar harafi guda. Na kai wa Malam Bubayero mai karanta mini wasiƙu, ya ce ba ya karantuwa.

Zugar ta daina. Jiya na wuni a ƙofar maƙera ina saurare.

Ki sake duba jakar.

Ibram