Tabkin da Ke Amsa Sunanka

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Daga ƙanwarka Kulu zuwa ga Yaya Manu, duk inda takardar ga ta ishe ka cikin ƙasashen gabas. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyar jiki da gajiyar baƙunta. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Zan miƙa ta ga ayarin da zai tashi daga Wurno bayan kaka. Na san hannuwa da yawa za ta bi, kuma duk mai iya karatu zai leƙa. Su leƙa. Abin da ke cikinta ba sirri ba ne, matan garinmu sun gaji da jin shi a bakina.

Tabki na nan. Katanga na nan. Har yau kuma Tabkin Manu ake ce mai.

Bari in tuna ma yadda anka fara shi, ko nisa ya sa ka manta. Muna yara, garinmu bisa dutse, ruwa kuwa can ƙasa ga gulbi. Mata su sauka da tuluna, maza na bin su da baka da kibau. Shekarar da mahara sunka tare hanya sunka tafi da Ige, ƙanwar Inno, har da goyonta, Baba ya daina magana da kowa. Wata safiya ya ɗauki sanda ya hau bayan gari, inda kwarmin nan yake, wanda ruwan damina kan kwanta cikinai ya tsiyaye tun ba a gama girbi ba. Ya tsaya daidai inda ruwan ke zurarewa ya ce, "Nan za mu toshe. Ba macen da za ta sake sauka."

Dariya anka yi mai. Duk da haka munka fara, mu ’yan gida, sannan maƙwabta sunka biyo don kunya. Maza na fasa marmara, jakuna na hawo da yumɓu daga fadama. Damina ta farko ta kwashe aikin kaf. Ta biyu ya tsaya. Sai ga wata matsala: shanu sunka gane wurin, su kutsa har tsakiya su dama ruwan, su bar muna ƙazanta. Shi ya sa Baba ya ce a kewaye shi da katangar dutse, ƙofa guda ta mutane, kwami a waje inda dabbobi za su sha. Katanga ta kai gefen gabas ke nan zazzaɓi ya ɗauke shi, Allah shi jiƙan shi.

Daga nan kai ka hau bisa. Ban musun kana da hannu, Yaya. Dutse in ka juya shi sau ɗaya ka aza, ya zauna ke nan. Kana da murya kuma, kana waƙa mutane na amsawa, gajiya ta tafi. Amma duwatsun nan da kake azawa, da ƙafafunsu sunka hawo? Ni ce ke gaban mata, gammo bisa kai, tun daga mafasa har gindin katanga. Gashin tsakiyar kaina bai sake fitowa ba. Har yau in sanyi ya shigo, wuyana ba ya juyawa hagu.

Ranar da anka aza dutsen ƙarshe, wakilin sarki ya zo daga Wurno ganin aiki. Ya zagaya, ya shafa katanga, ya ce, "Wa ya yi wannan?" Duk gari ya nuna ka. Ka sunkuyar da kai ka ce, "Ikon Allah ne." Ya yi kyau, magana ce ta mai ladabi. Ina bayanka tsaye, gammona a hannu, ina jira ka waiwayo ko sau ɗaya. Ba ka waiwayo ba. A ranar sunan ya kama.

Ba a daɗe ba ka ce za ka bi mahajjata. A bakin ƙofar tabki ka yi min sallama, ka ce, "Kulu, ki kula min da katanga, ba zan jima ba." Min, ka ce. Kamar akuya ka bar min kiwo.

Na kula da ita. Wani bafatake daga Rabah ya nemi aurena, mutum mai hankali, mai gida kusa da kasuwa. Na ƙi, don ba ya iya zama nan ni kuma ba ni iya barin nan. Na auri Garba maƙeri, maƙwabcinmu, Allah shi jiƙan shi, shi ma ya riga mu. Kowace bazara ni ke tara mata mu kwashe laka, ni ke bin katanga ina tura yatsa cikin tsaguwa, ni ke faɗa da makiyaya in sun ɗora tumaki bisa kanta. Yara na ce min tsohuwar tabki, su ruga.

Shekarar fari, da gulbi ya koma yashi, mutane sunka riƙa hawowa daga Dinawa da ruggagen da ke kewaye. Ni na tsaya ƙofa ina raba ruwa, tulu guda kowane gida, ana zagina ana roƙona. Wata tsohuwa ta sha daga ƙwaryar da na miƙa mata, ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allah shi yi wa Manu albarka." Ta ba ni ƙwaryata ta wuce. Na ce amin, Yaya. Amma ruwan da na sha ranar ɗaci ya yi min.

Bara kuma ruwa ya yi yawa, gefen katanga na yamma ya zube har ƙasa. Dattawa sunka taru suna kallo, kowa na cewa, "Da Manu na nan." Na bar su nan. Na kira ɗiyana maza da matan unguwa munka tada shi kafin damina ta fita. Yanzu in baƙo ya zo, wurin nan suke kai shi su ce mai, dubi hannun Manu.

To, duk wannan na iya haɗiye shi. Na saba. Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kwanan baya wani alhaji mutumen Goronyo, da ya dawo daga gabas, ya tsaya shan ruwa. Da ya ji sunan tabkin sai ya ce ai ya san wani Manu magini, mutumen ƙasar Wurno, mai tabo a gira. Ya ce ya gan ka wani ƙauye can gaba da Wadai, gemunka ya yi fari, kana ɗaure musu bakin rijiya da dutse. Na zauna ƙasa. Kana raye! Na yi ta kuka ina hamdala, mata na riƙe ni.

Sai ya ƙara da cewa kada in damu, ba ka cikin maraici. Wai akwai wata mata a gidan da kake zaune, ita ke kai ma abinci wurin aiki, ita ke wanke ma tufafi. Ya ce da kunnenai ya ji ka gabatar da ita ga mutane kana cewa, "Wagga ƙanwata ce."

Yaya, mi na yi ma?

Wace ce ita? Ta san ba ka cin miyar kuɓewa? Ta san in ka yi shiru kana murza kunne, kanka ne ke ciwo ba fushi kake ba? Ta taɓa ganin ka kana kuka a bayan rumbu ranar da anka rufe Baba? Uwa guda ta goye mu. Kalmar nan ta ƙanwa ita kaɗai ce abin da nake da shi a wurinka wanda ban raba da gari ba, ka ɗauka ka ba baƙuwa.

Inno ta rasu tana tambayar hanyar gabas. Ni ma na tsufa, idona ya fara hazo. Ban ce ka zo ka yi aiki ba, aiki an yi shi. Ka zo ka zauna ƙofar ɗakina in dama ma fura, ka yi min ƙorafin ta yi tsami kamar da. In ƙafa ba ta iya kawo ka, ka aiko da ko kalma guda ta bakin wani, in san da wane suna kake tuna ni.

Allah shi tsare ka, shi ba ka lafiya, shi karɓi hajjinka in ka isa, shi isar da kai in ba ka isa ba. Ita kuma wadda ke ciyar da kai, Allah shi saka mata da alheri. Addu'ar ga da ƙyar ta fito, amma ta fito.

Wassalam.

Ni ce ƙanwarka ta ciki ɗaya,
Kulu.