Injin ramin gero ya ƙi tashi

Daren Alhamis, Sabon Birni.

Shekara da shekaru ina faɗi, gero a rumbu aka aje shi, ba cikin ƙasa ba. Ba mai ji na. Da 'yan bindiga sunka fara ƙone rumbuna, ɗana Lawwali ya haƙa ɗaki ƙarƙashin gida don ajiyar gero, ya sa injin zuƙe ruwa cikin wani ɗan rami a kusurwa. Yac ce, "Baba, ko ambaliya ta zo wanga inji ya ishe ta." Sai fari ya zo, kowa ya mance da shi.

Yau mun fita roƙon ruwa. Wallahi amin ɗina rawa takai, don na ga hadari gabas. Da na dawo na juye jarkar ruwa guda cikin ramin in gwada injin. Ya yi ƙugi, ya yi shiru. Tsatsa ta cinye shi. Matata Hajara tana bisa tana faɗa, "Malam, awaki na ƙishi, kai kana shayar da rami?"

Ba ta gane ba. Ƙasa ta bushe kamar dutse, ruwan farko ba ya nutsewa, gidana za shi gangaro. Irin shukarmu duka yana can ƙasa, kuma bayana ba ya ɗaukar buhu. Ina za ni da shi?

Ga walƙiya kuma. Lawwali na can garin Isa, na kira wayarshi har na gaji. Kai ka haƙa ramin nan, Lawwali. Ka ɗauki waya ka gaya mini wa za shi hiddo geron!