Turmin Inna da Ya Tsage a Tajaye

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya can Arlit, ke da maigida da yara. Mu nan Tajaye sai godiya, damina ta yi kyau.

Abin da ya sa na tuna ki, Mushe Idi, malamin lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, ya ba ni aron wani littafi na ƙagaggiyar ƙasa inda hukuma ke ƙirga wa mutane kalmomin bakinsu. Ya ce zai ba ni tsoro. Ni kuwa dariya na yi ta yi, don na san matar da ta fi ƙarfin irin wannan hukuma, ɗaki ɗaya muka tashi da ita.

Kin tuna shekarar da gero ya ƙi, zamanin soja, lokacin da rediyo ke cewa komai lafiya? Mushe Idi ya shirya mana wasan kwaikwayo na ƙasar Ƙoshi, inda sarki ya hana a ambaci yunwa. Wanda cikinsa ya yi kuka sai ya yi tari ya rufe. Ke aka ba matar manomi, kuma maganarki ta fi ta kowa tsawo, abin da bai ba kowa mamaki ba.

Sai aka aiko wani mutum daga buro, ofishin hukuma na Illela, ya duba wasan kafin a nuna. Da jan bironsa ya bi layukanki yana sokewa, har bai bar miki komai ba sai sallama. Ya ce duk wanda ya ƙara kalma ɗaya, jandarma za su tafi da shi. Ke kuwa ga goyo, Sani bai ko fara zama ba. Inna ta roƙe ki ki bar wasan. Kika ce, "Inna, ai ba a hana daka ba."

Ranar wasa bayan la'asar kika fito da turmin Inna. Kika yi sallamarki, kika kama daka, ba ko ƙwayar gero a ciki. Kina cilla taɓarya sama, kina tafi, kina murmushi kamar amarya. Babu macen da ba ta gane wannan ƙara ba, don kowace ta ji ta a gidanta. Kika yi bakacen iska, kika dama furar iska, kika durƙusa da ladabi kika miƙa wa baƙonmu mai jan biro ƙwarya. Dandali ya ruɗe da dariya, tsofaffi na dariya suna share hawaye.

Da ya yafuto ki, wallahi na ce shi ke nan, an tafi da ke. Inna ta rungume Sani tana salati, ni na riga na fara tunanin wa zai shayar da shi. Mutumin ya leƙa ƙwaryar, ya daɗe, sannan ya ce, "Magana aka aiko ni saurare, ban jiya ko guda ba. Amma ki riƙa sa ko dusa, kada turmin tsohuwa shi tsage." Ashe shi ma ya san ƙarar.

Turmin kuwa ya tsage. Har Inna ta koma ga Allah ba ta bar yi miki gorinsa ba, amma ba ta yarda an fasa shi an yi wuta ba.

Yanzu an saki baki, jaridu har a tashar Konni, kowa na faɗin son ransa. Na ji daɗin haka ƙwarai. Sai dai har yau ban ji maganar da ta kai taki ba, ke da aka hana magana.

Ina kewarki, Yaya. Turmin na nan a kife gindin darbejiya, a kansa nake zaune ina rubuta miki. Ki zo da Sani ya ga abin da ya kusa raba shi da nono.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya raya mana zuri'a, Ya sa kada turminki ya sake yin wannan ƙara sai a wasa.

Ƙanwarki mai tsoro,
Hajo