Gahawar Korar Baƙo

9 ga Yuli

Yaya Razija,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara a can Graz. Mu ma lafiya, an fara yankan ciyawa.

Baƙin nan masu yawo da jakar goyo sun dawo dutsenmu. Har yau na kasa gane su. Mutum da motarsa a gida, ya yi mako biyu yana taka ƙasa, ba tunkiya ya ɓatar ba, ba biki za shi ba. Hanya ma ba sa tambaya, jar da'ira mai farin ɗigo da aka shafa a duwatsu kawai suke bi.

To, fentin alamar tumakinmu ya yi saura. Na zana da'ira goma sha ɗaya daga mararraba har ƙofar Alhaji Hilmo, malaminmu na masallaci, baban Zumra, wanda tun rasuwar matarsa da ƙyar yake amsa sallama. Kin san ba a korar baƙo, sai dai a kawo gahawa ta uku tsararo, ya gane ya tashi. Jiya Jamusawa huɗu suka sha, suka ce ta fi daɗi, suka miƙa finjali a ƙara.

Ƙaninki,
Ekrem

21 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa. Ya jikin ƙaramar?

Dariya ta ƙare. Alhaji ya ce a masallaci, "Hannun da ya yi wannan, in na gane shi, ba zai sha ruwan gidana ba." Ga shi bayan yankan ciyawa Baffa zai je nema min auren Zumra.

Na kankare duk da'irorin. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Amma yanzu tun hantsi Alhaji yake zama a benci, da tiren finjalai, yana kallon mararraba. Na tambayi Zumra ko ya huce, ta ce, "Kai dai, Ekrem, ɓarna ba ka iya ba, gyara ma ba ka iya ba." Me na yi kuma? Na zana, laifi; na goge, laifi.

Naki,
Ekrem

28 ga Yuli

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Alhaji ya aiko na je.

Aka kawo gahawa ta farko, muka shanye. A ta biyu ya ce, "Ɗan nan, tun kana gabana harafin mim ɗinka ba ya rufe baki. Goma sha ɗaya na ƙirga a dutse, duk bakinsu a buɗe." Na ce, "Malam, tumaki ne suka goga jiki." Ya ce, "Tumakin ma da hagu suke rubutu irinka?"

Sai ga Zumra da ta uku. Na tattara ƙafa zan tashi, na leƙa finjalin: baƙa ƙirin, mai kauri, irin ta tarbar baƙo. Ya turo min sabon gwangwanin fenti da ƙafa, ya ce, "Ruwa na ce, ban ce gahawa ba. A rufe musu baki wannan karon. Baffanka kuma ya zo Juma'a."

Yaya, hukunci ne ko kyauta, ban gane ba. Amma ki nemi hutu a kaka.

Ƙaninki mai jan hannu,
Ekrem